Malamin da Ya Sa Rumbun Sinadarai Ya Yi Magana

Allah ne Ya ba mu kai, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa. Da hantsin ranar Laraba, sha bakwai ga watan Yuli, babbar 'yarka ta kira ni a waya, ta ce, "Kawu, Baba ya cika." Ina tsaye a ɗakin gwaje-gwajenmu, kusa da kujerarka mai karyayyen hannu da ka hana a canza. A kanta na zube.

Malam, 'ya'yanka na tsokanarka da Likitan Kwalabe, wai kai ne likitan da bai taɓa duba marar lafiya ba. Masanin sinadarai ne kai, ka ƙarar da ƙarfinka wajen neman abin da zai sassauta wa masu ciwon sikila raɗaɗi. Ni kuwa mai kula da kwamfutocin cibiyarmu ne. Ƙarancin wuri ya sa aka ajiye teburina kusa da naka, ashe alheri aka nufe ni da shi.

Aikinka ya dogara ne da wani babban rumbu na intanet, inda masu bincike daga ko'ina suke zuba bayanan sinadarai kyauta: sunan kowanne, zanen ƙirarsa, da abin da yake yi a jikin mutum. Daga ciki kake tsamo waɗanda suka cancanci a gwada. Ana cikin haka hawan jinin ido ya kama ka. Gani ya yi ta ja da baya har ya ɗauke ɗungum. Shugabannin cibiya suka fara shirya maka taron bankwana. Ka aika musu cewa ido ne ya yi ritaya, kai kana nan.

Na sa maka manhajar da ke karanta wa makafi rubutun kwamfuta, muka buɗe rumbun. Da ta zo kan zanen sinadari sai muryar ta ce, "Hoto." Na gaba ma, "Hoto." Ka juyo inda nake.

"Injiniya, ba cewa suka yi rumbun nan na kowa ne ba? Ashe an cire ni daga cikin kowa."

Ranar muka fara. Kai kake faɗa mini yadda masani zai siffanta sinadari da baki, daga zobensa zuwa rassansa, ni kuma ina koya wa kwamfuta ta mayar da zane magana. Mun sha faɗa. Wata rana na juya ƙirar wani sinadari, damarsa ta koma hagu, ban lura ba. Kana ji ka buga tebur, ka ce, "Wannan ba magani ka karanta mini ba, guba ce!" Kwana uku ina kumbure-kumbure, kai kuwa kana ta ajiye mini shayi a gefen tebur har na sauko. A gida ma jikokinka sun haddace muryar kwamfutar, da ita suke kiranka cin abinci, kana bin su da sanda kana dariya.

Da abin ya kankama muka aika wa masu kula da rumbun labarinsa. Suka yi godiya, suka yi shiru. Ba ka yi fushi ba, ka dai yi ta naci har suka yarda a gana ta bidiyo. Ban manta yadda ka gyara zama ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya ba. Sannan ka roƙe su kowa ya kashe hasken kwamfutarsa, ya nemo maka ƙirar maganin ciwon kai da kowa ya sani, da kunne kawai, ta manhajar makafin nan. Muna jin muryar tana maimaita musu kalmar nan da ta dame ka: "Hoto." Can shugabarsu ta nisa, ta ce a turo musu aikin. Sharaɗi biyu ka gindaya: kada a sayar wa kowa, kuma a rage wa shafukan nauyi, don masu bincike a inda intanet ke jan ƙafa su ma su iya buɗewa. Suka amince da duka biyun.

Ka ci gaba da bincikenka da kunne, ka yaye ɗalibai, ka tsamo sinadaran da yanzu haka ake gwadawa a ɗakinmu. Allah bai nufa za ka ji sakamakonsu ba, amma ɗalibanka sun riƙe aikin.

Wurin zaman makoki wata budurwa makauniya ta zo, mahaifinta na riƙe da hannunta. Ba wanda ya san ta. Ta ce tana karatun haɗa magunguna ne, kuma da farko an ce mata ta nemi wani fannin, sai rumbun da ka sa ya yi magana ya ba ta damar ci gaba. Sai ta tambayi matarka, "Mama, wane irin mutum ne shi?" Matarka ta share hawaye ta ce, "Mai taurin kai ne, 'yata." Duk muka yi dariya muna kuka.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa wannan aiki ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da ta zame maka ido, da 'ya'yanka da jikokinka, da ɗalibanka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu zuwan. Amin.