Manyan Rim a Hanyar Panda

Ana sallame sallar asuba muka bar Keffi, ranar Talatar makon jiya, ni da maiɗakina da maƙwabcina, wani tsohon malamin firamare ɗan ƙabilar Mada da duk unguwa ke kira Ticha. Yayata muka tafi ɗaukowa. Ita ta riƙe ni tun ina aji uku bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma tana aure a wani ƙauye can gaba da Panda. Ranar Litinin da yamma mijinta ya hau tudun da suke samun sabis ya kira ni, ya ce ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya, ba za ta iya zaman babur ba. Na ce masa gobe kafin hantsi ina ƙofar gida, sai asibiti.

Masu bibiyata a nan sun ga hoton a-kori-kurar da na saya ta hannu bayan na yi ritaya, kuma da yawanku kun yaba sababbin ƙafafun da na sa mata watan jiya. Da rim mai lamba sha shida ta zo, baƙin ƙarfe marar kyan gani, da taya mai kauri. A shagon mai taya na ga wasu lamba ashirin, farare fes, mutum na ganin fuskarsa a jiki. Mai facin da ke gefen shagon, dattijon da ya daɗe yana duba min mota, ya ja ni gefe ya yi min bayani. Ya ce in an tsayar da su tsayinsu kusan ɗaya ne, amma a babban rim robar siririya ce, ba ta da naman da zai shanye dukan rami, duk abin da hanya ta jefo ƙarfen ne zai karɓa. Ya tambaye ni ko Abuja kaɗai zan riƙa zuwa. Na yi dariya na ce ai ni ma ina son in shiga gari a san na shigo. Na bar musu tsofaffin guda huɗu, na yi ciko, safaya kaɗai ta rage daga cikinsu.

Gaskiya a kan kwalta motar ta yi daɗi. Gari ya waye mana cikin gonakin masara da rogo, kunyoyin doya sun yi kore shar saboda ruwan da aka kwana biyu ana yi. Mata sun fara fito da dafaffiyar gyaɗa bakin titi. Ticha ya ce yau ji yake kamar kwamishina, abin da ya rage masa jiniya ce kawai. Maiɗakina tana baya da filo biyu da bargo da fulas ɗin kunun gyaɗa, don yayata ba ta wasa da shi.

Ba mu kai Panda ba na faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Ƙarar kamar an harba bindiga. Tayar gaba ta dama ta yage daga gefe, irin yagewar da faci ba ya kamawa. Muka kafa jak muka ɗaura safayar nan mai baƙin rim, ita kaɗai a cikin farare uku. Ticha ya ce kamar mutum ya sa babbar riga da silifas ɗin wanka. Har lokacin muna iya dariya.

A Panda muka tsaya wajen mai faci ko za a dace da wata tayar. Ya zagaya motar, ya karanta lambar, ya girgiza kai. Sha huɗu, sha biyar, sha shida, ga su nan jibge, sababbi da na hannu, amma ashirin ya ce tun da ya buɗe rumfar bai taɓa ajiye ta ba, don babu mai tambaya. Ya ba ni shawara in koma Keffi in gyara shiri. Na duba agogo, takwas da 'yan mintuna, na ce tafiyar da ta rage ba ta kai awa ɗaya da rabi ba, zan lallaɓa. Muka sayi soyayyar doya da ƙosai, wanda yanzu guda ɗaya ya koma kamar ƙwallon goriba don ƙanƙanta, kuɗinsa kuwa ya ninka. A tsaye muka ci muka wuce.

Daga inda aka saki kwalta hanyar jan burji ce, ruwa ya zaizaye ta ya bar duwatsu tsirara. Kowane dutse sai na ji shi a haƙorana. Ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, masu babur da buhunan gawayi suna wuce mu suna waiwayen ƙafafun motar. Wajen ƙarfe goma muka zo wata kwalbati da gefenta ya zube. Na hau a hankali, ƙafar baya ta dama ta zame ta daki bakin siminti. Da na sauko na duba, ba tayar kaɗai ba ce, rim ɗin kansa ya tsage tun daga baki har kusa da noti.

Babu gida a kusa, babu sabis, sai wata bishiyar ɗorawa da gonar riɗi. Ba ranar kasuwa ba ce, don haka babu motar da ke shiga ko fita. Ko da an samo taya a Panda, ba rim mai lamba sha shida da za a ɗora ta. Dabara ɗaya ta rage, a koma Keffi shagon da na bar tsofaffin ƙafafuna a sayo ɗaya. Ticha ya tare wani ɗan acaɓa ya hau, ya ce in Allah ya so kafin azahar ya dawo.

Nan ne wurin da har yau na kasa wucewa a raina. Babura sun wuce mu sun fi biyar, duk cikin ƙauyen suka nufa. Maiɗakina ta ce in hau ɗaya in je in ga Yaya, ita za ta zauna da motar. Na ce ba zan bar ta ita kaɗai a daji ba. Ta ce to ita ta tafi, na ce ta bari mu isa tare. Hujjojin duk na gaskiya ne, amma akwai wadda ban faɗa ba: kunya nake ji in shiga garin surukan yayata a bayan babur, bayan an gama shelar ƙaninta zai zo da mota. Saƙo kawai na ba wani mai babur, na ce ya faɗa musu muna hanya.

Azahar ta yi, muka yi sallah a gindin ɗorawar. Wata mata 'yar ƙabilar Gwandara da ke cirar ciyawa a gonar ta kawo mana gasasshiyar masara biyu, ta ƙi karɓar komai. Na riƙe tawa har ta huce. Sai bayan la'asar Ticha ya ɓullo, ƙafar mota ɗaure a bayansa, rigarsa jiƙe da jar laka. Ya ce mai shagon ya tafi Nasarawa ɗaurin aure, sai da aka jira ɗan'uwansa ya zo da makulli, ruwa kuma ya tsare su a hanya. Tsohuwar ƙafata ce, na gane ta da wani tabon fenti. Cikin minti goma muka ɗaura ta.

Rana ta yi ja muka shiga ƙauyen. Tun daga nesa na hango maza suna tahowa a jere daga bayan gari, wasu da fatanya a kafaɗa, wani da tulu. Na tsayar da motar. Na kashe ta a tsakiyar hanya.

Mijin yayata ne ya zo ya buɗe min ƙofa. Ya riƙe hannuna ya ce ana kiran azahar Yaya ta cika, sun jira mu har la'asar, da suka ga hadari ya haɗo sai suka kai ta. Na tambaye shi ko saƙona ya iso. Ya ce ya iso.

“Tun da safe ta sa aka yi mata wanka aka fito da ita zaure, jakarta a gefe,” in ji shi. “In ta ji ƙarar inji sai ta ce, ga shi nan.”

Ya ce kada in sa wa raina komai, kwananta ne ya ƙare, ko da na iso da hantsi wataƙila a hanya za ta cika. Na san haka ne. Amma da a hanyar ne, da kanta yana kan cinyar maiɗakina, ni kuma ina jin muryarta a bayana.

Kwana uku muka yi. Ranar Juma'a muka juyo, farare biyu, baƙaƙe biyu, babu safaya, ina jan motar kamar mai koyon tuƙi. Abin haushi, gefen da ke da baƙaƙen ko gezau bai yi ba a kan duwatsun nan. Ticha bai yi barkwanci ko ɗaya ba har muka ga Keffi.

Wasu sun rubuto suna tambayar yadda manyan rim suke, suna son su sa. Amsata ita ce, kafin mutum ya zaɓi ƙafar mota ya zauna ya tuna hanya mafi muni da wata rana dole zai bi, da wanda ke jiransa a ƙarshenta, ya kuma tambayi masu facin hanyar lambar da suke ajiyewa. In kuwa mota ta tsaya kuma akwai mai jira, a hau duk abin da ya samu a tafi.

Mijin yayata ya ba mu jakar, ya ce kayan ciki ai na Keffi ne. Jiya maiɗakina ta buɗe. Zannuwa biyu ne, da carbi, da tsohon katin asibiti, sai ƙullin daddawa a leda uku. Surukar yayata ta gaya wa maiɗakina cewa ranar Litinin, da ƙafafun nan a kumbure, Yaya ta zauna ta ƙulla shi da kanta, ta ce ƙaninta ba ya cin miyar daddawar kasuwa.