Bazarar da Aka Ɗauke Ni Ɗan Rahoto

A shekarun da gwamnatin soja ta rufe iyakokin ƙasa, lokacin Jega tana cikin Jihar Sakkwato, ina karatun digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasashe, ɓangaren rikici da tsaro. Malamin da ke duba aikina ya ce in daina rubutu a kan yaƙe-yaƙen ƙasashen da ban taɓa takawa ba, in koma gida in ga abin da rufe iyaka ya yi wa fatake. Da bazara na sauka Jega da rikoda da kaset-kaset a jaka.

Mahaifina malamin makarantar allo ne a Sabon Gari. Ranar da na iso, a gaban maƙwabta, ya tambaye ni sunan karatun nan da ba ya ƙarewa. Na yi ta laluben yadda zan faɗe shi da Hausa, daga ƙarshe na ce karatun tsaron ƙasa ne. Aka ci gaba da hira.

Shi ya tura ni Aliero wurin amininsa na ƙuruciya, wani Alhaji mai fataucin albasa. Na same shi a bakin rudu, inda ake adana albasar, ana tsince wadda ta fara ruɓewa. Wari ya cika wurin. A da, albasarsa tana ƙetare iyaka zuwa Nijar da Binin, yanzu ga ta jibge cikin zafi. Ya karɓe ni kamar ɗansa, ya amsa duk abin da na tambaya. Da na tambaye shi yadda har yanzu wasu ke fitar da kaya, sai ya nuna rikodar da haɓa.

"Kashe wanga abu, ɗana."

Na kashe. Ya kwatanta mini wata hanyar daji ta wajen Kamba, da inda ake kwana, da yadda ake sauke buhuna a ɗora wa raƙuma. Babban ɗansa, sa'ana, shi ke tuƙa motar da ke kai albasarsu har can. Ban rubuta ko harafi ɗaya ba.

Ba a daɗe ba labari ya zo cewa masu sintiri sun tare motar a wannan hanyar, sun riƙe ta da kayan da ke ciki, sun tsare ɗan Alhaji.

Da farko ban haɗa abin da kaina ba. Ranar kasuwar Jega na fara gane wani abu ya canza. Na nufi rumfar 'yan albasa da sallama, mutanen da a makon baya suke matsa mini in zauna suka amsa a taƙaice, kowa ya sami abin yi. Wani dillali da muka yi firamare tare ya kalli jakata ya ce, "A kunne take ko a kashe?" Aka yi dariya marar daɗi. A masallaci mutumin da ke gefena ya janye kafaɗarsa. Kafin mako ya zagayo wasu iyaye sun daina turo 'ya'yansu makarantar mahaifina, kuma ƙanwata ta jiyo a gidan suna ana cewa da bakina na faɗi cewa ni ma'aikacin tsaro ne.

Wata safiya bayan ya sallami ɗalibai, mahaifina ya kira ni zaure. Bai ce in zauna ba.

"Abin da Alhaji yah hwaɗa maka, wa kab ba labari?"

"Ban hwaɗa ma kowa ba, Baba."

"Ko malaminka na jami'a?"

"Ko shi."

Sannan ya ce in shirya, za mu Maiyama. Alhaji yana can wurin yayansa, wanda suka haɗa hannu a motar. Na ga ya saɓa gafakar Alƙur'aninsa a kafaɗa, abin da ba ya yi sai in za shi tafsiri.

Mun isa rana ta take. Zauren cike yake da 'yan uwansu maza, an bar mana tabarma guda a tsakiya. Alhaji ya rame, ya gaisa da mahaifina hannu biyu, ni kuwa bai dube ni ba. Yayansa, tsoho dogo mai kaushin murya, shi ya ɗauki maganar.

"Yaro, wa ka ɗauke da nauyin karatunka?"

"Gwamnatin jiha, Baba."

"Gwamnati ke nan. Abin da kaka rubutawa, ina za a kai shi?"

"Ɗakin karatu na jami'a."

"Soja na iya shiga shi karanta?"

Na ce yana iya. Wani ya yi tsaki daga baya. Na fara bayanin cewa ba a sa sunan kowa, cewa akwai ƙa'idar bincike, amma ni kaina na ji yadda maganar ke faɗuwa ƙasa. Duk amsar gaskiya da na bayar ƙara ɗaure ni take yi. Na karanta littattafai da yawa a kan yadda zargi ke shiga tsakanin ƙasashe har ya kai su ga yaƙi, ba ko ɗaya da ya zo mini da abin faɗa a zauren nan.

Tsohon ya ce shi ba shi da sauran tambaya, rantsuwa kawai yake so. Mahaifina ya sauke gafakar, ya ce a kawo mini buta. Na fita na yi alwala a ƙofar gida. Na san ban yi ba, amma na tashi ina jin labarin abin da ke samun wanda ya dafa Alƙur'ani, kuma a tsaye a wurin sai na shiga bin kowace hira da na yi a mota da kasuwa, ko wata kalma ta kuɓuce mini ban sani ba.

Na dawo na durƙusa. Mahaifina ya fara kwance igiyar gafakar. A nan Alhaji ya yi magana karo na farko.

"Malam, mai da shi."

Yayansa ya juyo zai yi musu, ya ɗaga masa hannu.

"In gaskiya gare shi, na zalunce shi gaban mutane. In ƙarya ta, na kashe ma Malam ɗa. Ba ni son ko guda. Ni nawa ɗan nika so shi dawo."

Bai ce ya yarda da ni ba, kuma kowa a zauren ya lura da haka. Na ce in sun amince zan je inda ake tsare da ɗan Alhaji, tunda ina jin Turanci kuma na san abin da doka ta ce. Tsohon ya yi murmushi.

"In ka tai anka sako shi, mun san ko kai wane ne."

Gaskiya ya faɗa: in aka sako shi ta hannuna, za a ce lallai ni na gwamnati ne. Na dubi mahaifina, ya sunkuyar da kai, ya bar mini zaɓin. Alhaji ya ce, "Tai, ɗana." Washegari na kama hanyar iyaka.

A wani tsohon gini ake tsare da su, direbobi da yawa, ga motoci jere a rana, ruwan ruɓaɓɓiyar albasa yana ɗiga daga wasu. Na yi kwanaki ina zaman benci kafin babban masu sintirin ya yarda ya gan ni. Matashi ne, mutumin kudu. Ya jujjuya katina na jami'a, ya ce shi ma yana sha'awar irin wannan karatu in ya bar aiki. Sai ya tambaye ni, cikin fara'a, ko a bincikena na ji labarin wasu hanyoyin bayan waɗanda suka sani. Na ce ni farashin albasa da halin manoma nake bi. Ya dube ni, sannan ya mayar mini da katin ya ce in jira a waje.

Bayan kwana biyu aka saki direbobin gaba ɗaya, aka riƙe motocin. Har yau ban san ko zuwana ya yi wani tasiri ba. A hanyarmu ta dawowa ɗan Alhaji ya gaya mini cewa masu sintirin sun daɗe da kafa sansani a wurin, duk wanda ya biyo sai sun kama shi, shi ne ma kusan na ƙarshe. Ya maimaita wannan a Aliero da Jega ga duk wanda ya tsaya ya saurara. Wasu sun karɓa. Wasu suka ce ai dole ya faɗi haka, tunda ni na fito da shi.

Ban ƙara yin hira da kowa ba a wannan zuwan. Da ruwan farko ya sauka na koma jami'a da rabin abin da na je nema, na rubuta kundina da shi, aka ba ni sakamako matsakaici. Ɗaya daga cikin masu jarrabawar ya ce babin fataucin ɓoye ya yi sirara ƙwarai ga mutumin da aka haifa a wurin. Na ce haka ne.

Ɗaliban mahaifina sun dawo kaɗan-kaɗan bayan kaka. Alhaji ya ci gaba da zuwa gidanmu har ƙarshen rayuwarsa, yana tambayar aikina da iyalina, amma in na shigo ana maganar kasuwa, sai ya koma zancen damina.