Yadda sauron Malesiya ya kwantar dani a Jidda

Salamu alaikum yan uwa. Eh nine, ban mutuba, amma saura kiris. Wata biyu kenan baku jini ba, wasu har sun kira Maman Hanif suna tambaya ko kafili, wato uban gidan da nake zaune a Saudiyya karkashinsa, shine ya kwace min waya. Ba kafili bane. Ku gyara zama.

Kun tuna hotunan danake ta zubo muku daga Kuala Lumpur ta Malesiya lokacin hutun makaranta? Ni da Maman Hanif da Hanif dan shekara shida da Ilham yar shekara uku. Shekara hudu ina hawa bango ina gyaran AC a Jidda saboda wannan tafiyar. Gari ne makil da mutane, jirgin kasa yana wucewa ta saman kanka, ruwan sama kusan kullum da la'asar. Ilham akan wuyana take wuni, Hanif kuwa duk inda yaga matakala mai tafiya da kanta sai mun hau sau uku.

Kullum kafin mu fita Maman Hanif sai ta shafe yaran da man sauro. Ta miko min, nace Hajiya ni? Ni dana girma a Kurna ta Kano, inda sauro yake daga gidan sauro da hannu ya shigo? Wannan dan siririn mai zanen fari a kafa me zaimin? Da wando iya gwiwa ma na shiga lambun tsuntsaye.

Kwana hudu da dawowarmu unguwarmu Waziriyya a Jidda zazzabi ya kamani. Bayan idona kamar ana buga kusa, kasusuwana kamar mota tabi takaina.

Maman Hanif tace muje asibiti. Nace malariya ce, nasanta ta sanni. Na dauko maganin malariya dana taho dashi daga Kano, na hada da maganin ciwon jiki ibuprofen biyu safe biyu yamma. Har lacca nake mata wai likitocin nan basu san malariya kamar mu ba.

Rana ta biyar zazzabi ya sauka. Nace kin gani ko? Halas, shikenan. A dafa min shinkafa da kaza.

Muna cin abincin rana Ilham ta tsaya tana kallona. Tace Abba bakinka ja. Na shafa, jini. Na kuskure, ya sake taruwa. Sai cikina ya murda nayi amai, shima da jini aciki. Hanif ya ajiye cokali ya shige bayan kujera.

Maman Hanif ta ruga ta bugawa makocinmu Bakur kofa, haifaffen Jidda ne. Yana ganina yace ya sheikh inta majnun, wato kai mahaukaci ne? Kwana biyar kana gida? Yalla yalla asibiti, tashi! Ko takalmi bansa ba ya turani mota.

A asibiti suka debi jini. Likitar wata yar Sudan ce, tace kunyi tafiya kwanan nan? Me kasha? Na lissafa mata ina dan murmushi, ina jiran ta yaba. Batayi dariya ba. Tace dengue ce, zazzabin da sauron nan mai zanen fari yake kawowa, kuma saukar zazzabin nan daka gani shine lokacin hatsarin. Kwayoyin dake tsayar da jini sun fadi kasa sosai, ibuprofen din daka dinga sha ya kara budewa jinin hanya.

Nace to ayi min allurarta mu wuce wajen. Tace bata da allura. Ruwa zamu daura maka mu jira.

Mu jira. Wlh tunda nake ban taba jin maganar data tsoratani kamar wannan ba.

Diban jini safe da yamma. Fitsari ma sai an auna. An hanani buroshi, an hanani zuwa bandaki ni kadai, katon mutum kamata. Rana ta biyu a asibiti sakamakon kwayoyin tsayar da jinin ya kara sauka, suka kawo wata leda mai ruwan dorawa ta irin kwayoyin suka daura min.

Ranar ne Maman Hanif ta zauna a gefen gado taki kallona. Tace Abban Hanif, ikamar yara, takardar izinin zamansu, saura sati uku ta kare. Ina fasfo dinmu? Wa zan kira a kamfaninku?

Nan na fara lissafi a raina.

Ikamarta data yara duk akaina suke. Fasfo suna kulle a durowata a wajen aiki. Lambar bude waya data banki ni kadai na sani. Ko sunan kafilina bata iya fada daidai ba, kuma ba laifinta bane, kullum cewa nake ki barmin komai, nine gwamnati a gidan nan. Da na tafi ranar, na bar mace da yara biyu a kasar mutane basu san ko kofar da zasu kwankwasa ba.

Na ari biro wajen nas, na fara rubuta mata a bayan takardar gwajin jini. Tace ka rubuta da kyau mana, wannan bakwai ne ko daya? Tana fada tana share hawaye da bakin mayafi.

Rana ta hudu sakamako ya fara hawa. Rana ta shida suka sallameni. Inshorar kamfani ta dauki kudin gado da gwaje gwaje, dan abinda ya rage ma yasani gumi. Sati uku ban iya hawa tsani ba, har yanzu in nayi hawa biyu sai na huta. Ikamar yara kuwa Maman Hanif ce ta sabunta da hannunta a waya, ina kwance ina nuna mata inda zata danna.

Alhamdulillah. Nagode Allah. Nagode Bakur da matarsa da suka rike mana yara. Likitar nan Allah ya saka mata, duk da har na fita bata taba dariyar wasana ba. Maman Hanif ke kam bansan me zance ba.

Yan uwa, ba kowane zazzabi bane malariya. In kun dawo daga tafiya jiki yayi zafi kuje a gwada jini, ku fadawa likita inda kukaje, kar ku kama shan magani da ka irin nawa. In zazzabi ya sauka amma ciki yana ciwo ko kunga jini, ku ruga, ba sauki bane.

Sai ku magidanta da iyalinku suke kan ikamarku. Dan Allah yau din nan, kana da lafiyarka, ka zaunar da matarka ka nuna mata takardu da lambobi da wanda zata kira. Ni a gadon asibiti nayi nawa da ruwa a hannu, kuma wlh ina rubutawa bansan ko zan kai karshen takardar ba.