Layin da na cika ban taɓa ba

A ƙarshen shekarun saba'in, ina aji huɗu a makarantar likitoci ta Yamai, aka turo ni Madarunfa in yi wata biyu a ɗakin shan magani na garin. Istaj muke ce wa wannan zama. Kowane ɗalibi da ɗan littafinsa, kuma idan babban likita bai sa hannu a ciki ba, babu wucewa aji na gaba. Ni kuwa na riga na ci rabona na maimaici tun a aji biyu. Dokar makarantar sau ɗaya take yafe wa mutum, a na biyu sai ya naɗe tabarmarsa. Akwai wata dokar da ta fi wannan kaifi, wadda aka karanta mana tun ranar farko: duk wanda ya rubuta a takardar maras lafiya abin da bai gani da idonsa ba, bai taɓa da hannunsa ba, korarre ne, ko da shi ne na ɗaya a aji.

Saboda haka da tsoro na zo, da shi kuma nake kwana nake tashi. Mutanen garinmu, Gabi, sun riga sun gama naɗa ni likita. Ni kaɗai na san cewa tsakanina da komawa gona sa hannun mutum ɗaya ne.

Mutumin nan, wato babban likita, duk Alhamis yake zuwa daga Maraɗi. Dogo ne, ba ya dariya, ba ya kuma faɗa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Sai ya zauna, ya zaro uku ko huɗu daga cikin takardun da na cika a makon, ya sa a nemo masu su, ya sake duba su a gabana layi bayan layi. Idan ya tarar da layin da na bari babu rubutu, sai ya ɗora yatsa a kai ya dube ni. Na fi son mari da wannan kallon.

A makon ƙarshe, ranar Talata, manjo, wato tsohon ma'aikacin jinyar da ke riƙe da wurin, ya tafi garin Sarkin Yamma yin allurar rigakafi. Ni kaɗai aka bari. Da hantsi amalanken jaki ya tsaya a bakin ƙofa, na leƙa, sai na ga innata, ƙanwar mahaifiyata, tana kama wata mace tana sauko da ita. Mahaifiyata ce.

Ni ɗan fari ne. Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ga abin kamar wasa. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ba. Idan ta dafa abin da ta san ina so, sai ta ce da wani ya kai wa "wancan". Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ni ma a cikinta na girma har ta zame mini jiki. Na yanka gawa a Yamai, na karɓi haihuwa, amma ranar nan sai ga ni na tuɓe takalmi a cikin ɗakin dubawa na durƙusa, da farar riga a jikina.

Ta zauna a bakin gado ta juya fuskarta bango. Inna ce ta yi magana.

"Masassara ce ta ƙi sakinta, yau kwana goma sha. Kuma tana kukan gefen ciki."

"Wane gefen, Inna?"

Inna ta tambaye ta, ta amsa can ƙasa-ƙasa, Inna ta ce, "Ta ce ba komi ba ne, a ba ta ƙwaya ta tahi."

Na san abin da ya kamata in yi. In kwantar da ita, in buɗe cikin, in danna ƙarƙashin haƙarƙari dama da hagu. Na miƙe har na matso taku biyu. Sai ta ja mayafinta ta ƙara rufe jiki, ni kuma na ja da baya. Na ba da maganin zazzaɓi, na ce su sauka gidan wani danginmu da ke kusa da tabki, su kwana biyu a ga yadda jiki zai yi.

Da suka fita na zauna da takardar. Layin ciki yana nan fari fat, na kuma tuna yatsan mutumin Maraɗi. Sai na rubuta cewa ciki da laushi, hanta da saifa ba su kumbura ba. Minti ɗaya bai cika ba na gama. Da yamma manjo ya dawo ya kwashe takardun ranar ya kulle a akwati, yadda ya saba.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Duk ranar Laraba ba ita nake jin wa tsoro ba, kaina nake ji wa. Addu'ata ɗaya ce, kada hannunsa ya faɗa kan takardar nan. Gidan da suka sauka bai fi tafiyar minti biyar ba, amma ban je ba, ina gaya wa kaina wai kunya ce ta hana ni.

Ranar Alhamis ya zo, ya zaro takardu huɗu. Na ga gefen tata a ƙarƙashin ta huɗun da ya zaro. Bai ɗauke ta ba. Ya duba mutanensa, ya gyaɗa kai, ya buɗe littafina ya sa hannu. Na wuce zuwa aji biyar ke nan. Ya ce zai tsaya cin abinci a gidan wani abokinsa malamin makaranta kafin ya kama hanya.

Da sauƙin zuciya na nufi bakin tabki in yi musu sallama. Inna na tarar a ƙofar ɗaki, ta ce, "Gara da ka zo. Tun jiya ba ta iya kwanciya ta dama."

Na shiga. Idanunta sun faɗa, numfashi sama-sama, ta dafe ƙarƙashin haƙarƙarin dama da hannu biyu. Wannan karon ba ta da ƙarfin jan mayafi. Na ɗora hannu. Hantar ta sauko har yatsu huɗu, da zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu, da na danna kaɗan sai ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinta ba. Ko ɗan aji uku ya san wannan: mugunya ce ta taru a hanta, idan ta fashe a ciki kuma shi ke nan.

Mota ɗaya ce za ta kai ta Maraɗi a ranar, ta babban likita, likita ɗaya ne kuma zai iya zuƙe mugunyar, shi ne mai sa hannu a littafina. Zai nemi takardarta, wannan ba shakka. Na tsaya a tsakar gidan nan, Allah ya sani na tsaya, har na fara lissafin ko a jira motar kasuwa ta gobe a kai ta a matsayin sabuwar zuwa. Har yau idan na tuna tsayuwar nan sai in ji na tsani kaina. Daga nan na ruga.

Na same shi yana wanke hannu. Ya zo ya duba ta, ya aika manjo ya kawo takardar, ya karanta a tsaye. Sannan ya tambaye ni da Faransanci ko na taɓa cikin nan ranar Talata. Na ce a'a. Ya tambayi dalili, na ce mahaifiyata ce, ni ne ɗan farinta.

Ba ta jin Faransanci, amma ta gane ana tuhumata. Tana kallon bango ta ce, "Likita, ni na hana shi. Ba laihinshi ba ne."

Ya amsa mata da Hausa, a hankali. "Na ji. Hanawa taki ce. Rubutun nashi ne."

Ya miƙo hannu, na ba shi littafina. Ya ja layi a kan sa hannunsa, ya saka littafin a aljihu. Muka ɗauke ta zuwa mota. Duk tsawon hanyar ina riƙe da ita kada ramuka su jijjiga ta, ina jiran jin kalmar kora.

A ranar, a asibitin Maraɗi, ya zuƙe mugunyar, kusan cikin kwano. Washegari ya kira ni. Ya ce abin da na yi na kora ne, kuma zai rubuta wa Yamai duk yadda aka yi, ba zai rage komai ba, har da cewa ni na zo na kira shi da ƙafata. Su za su yanke. Kafin amsa ta zo, zan sake istaj ɗin daga farko a ƙarƙashinsa, kuma gadon da ya ba ni na farko nata ne. Kowace safiya ni zan duba cikinta a gabansa, in faɗi abin da na ji da ƙarfi, sannan in rubuta.

Kusan mako uku muna haka. Ita ta rufe fuska da mayafi, ni ina danna cikin, shi yana tsaye a kaina. Duk motar da ta shigo daga Yamai sai in leƙa ko ta kawo amsa. Amsar ba ta zo ba sai bayan an sallame ta da daɗewa: sun bar ni, da gargaɗin da ya zauna a takarduna har na gama.

Amma ranar da aka sallame ta ban san haka ba tukuna. Na raka su bakin ƙofar asibiti, ban san ko ni ɗalibi ne ko korarre ba. Ta yi gaba, ta tsaya ta yi wa Inna magana a kunne. Inna ta dawo tana danne dariya.

"Ta ce in hwaɗa maka, hannunka sanyi gare shi. In za ka taɓa mutane, ka riƙa murza shi tukuna."