Baba Ilu da Harsashin Marayu

Duk wanda ya taɓa zama rumfar Baba Ilu a bayan tashar Konni ya san ba ya shiga ƙofa sai da sallama. Ban ce ƙofar gidan mutane ba, wannan kowa na yi. Ƙofar shagonsa da shi da kansa ya sa wa kwaɗo jiya, sai ya tsaya da safe ya yi mata sallama. Ƙofar kamiyo, babbar motar kaya, ma haka yake mata tun yana jan siminti daga Malbaza. To da ya bar tuƙi, ya sayo na'urar wasan nan daga Sakkwato, ya haɗa ta da tele don 'yan kabu-kabu irinmu mu riƙa rage rana, sai halin ya bi shi har cikin tele.

Kun dai tuna wasan. Gidan Ƙasa muke ce masa, don ba mai iya karanta sunan da ke jikin faifan. Ba ka ganin kanka, sai hannuwanka da bindiga da tocila, kana bin lunguna cikin wani gini a ƙarƙashin ƙasa, wasu halittu masu kama da mutane suna faɗo maka daga rufi. Akwai kuma wata murya da ke shigowa ta rediyo, ta wani bawan Allah da ya maƙale can ƙasan ginin, yana kira da Turancin da ba mu ji. Mu ba ruwanmu da shi, harbi ya kawo mu. Baba Ilu kuwa, ranar da ya fara jin muryar, ya ajiye kofin shayinsa ya ce a ba shi abin dannawa. Ya ce ba ya jin yaren, amma ya san muryar wanda abu ya danne. Tun daga ranar ya ɗaura niyyar sai ya kai ga mutumin nan da hannunsa, ya kuma hana kowa ya gaya masa yadda wasan yake ƙarewa.

Ni Sule ɗan wansa ne, a hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifina, saboda haka ni ke zama gefensa ina shan kunya. Dattijo da furfura, ya gyara hula, ya iso ƙofar ƙarfe mai jini face-face, ya tsaya cik ya ce salamu alaikum. Ya jira. Ya sake. Kafin ya yi ta uku wani abu ya biyo ta baya ya cinye shi. Mun yi magana har mun gaji. Wata rana yana rufe baki sai wani gurnani ya taso daga bayan ƙofar. Baba ya juyo ya dube mu da fara'a.

"Kun ji ko? An amsa. Muryar mai gidan ta dai babu daɗi."

Tuƙinsa ma bai bar shi ba. In zai sha kwana a lungu sai ya raɓe hannun dama ya yi oda da baki, wai kada ya yi karo da mai zuwa. Tocila kuwa kashe ta yake yi don tattalin batir, ya yi ta lalube cikin duhu, mu 'yan kallo muna kallon baƙin gilashi kamar an ɗauke wuta. Na'urar in ta yi zafi sai ya jiƙa tsumma ya ɗora mata a ka, ya ce haka ake yi wa inji a hawan tudu.

Da la'asar, in aiki ya lafa, rumfar takan koma majalisa, kowa da ra'ayinsa kan Gidan Ƙasa. Hamisu tela ya ce duk tsoron wasan a kunne yake, in ka kashe sauti ba abin da ya rage sai zane. Shi ya sa yake yinsa shiru, shi ya sa kuma ake yawan kashe shi, don ba ya jin takun mai zuwa. Lawali mai shayi ya ce wasan yara ne, shi da ya kwana dajin Bazaga da moto a lalace ba wani dodon tele da zai razana shi. Wannan Lawalin ne fa muka gani da idonmu ya yi tsalle daga benci ya zubar da buta guda, sannan ya ce kunama ya gani. Ni a ganina farkon wasan ya fi ƙarshensa, don in ka saba da fuskokin halittun sai su koma kamar maƙwabta. Baba sai ya bari kowa ya gama, ya kurɓi shayi, ya ce wasan ba shi da laifi, mai bindigar ne ba shi da tarbiyya. Halittun ma bai yarda aljannu ne ba, cewa yake mutane ne da ciwo ya fi ƙarfinsu, shi ya sa ba ya harbi sai an fara kawo masa hannu.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne maganar harsashi. A wasan, gawarwakin sojoji na nan zube a hanya, in ka bi ta kansu sai ka kwashe harsashinsu. Da haka kowa ke cin gaba. Baba Ilu ya ce atafau. In ya ga gawa sai ya yi mata addu'a, ya manne da bango ya kewaye ta. Na cikin kabad da na kan tebur yana ɗauka, ya ce wannan kayan aiki ne, aro ya yi. Na jikin mamaci kuwa kayan magada ne, sojan nan yana da marayu a gida. Muka ce Baba, zane ne fa! Ya ce zanen ma ai da uwarsa.

Wata rana, bayan ya yi nisan da bai taɓa yi ba, hannunsa ya kuɓuce ya taka wata gawa. Na'ura ta yi ƙaras, harsashi ya shiga aljihunsa. Ya miƙo mini abin dannawa ya ce in nuna masa inda ake maidawa. Na ce babu. Ya juya shi sama da ƙasa, ya danna kowane maɓalli, ya ce wato mutanen da suka ƙera abin nan sun yi wurin ɗauka ba su yi wurin maidawa ba. Sai ya goge duk tafiyar da ya sha wahala a kanta, ya koma ƙofar farko ya yi sallama. Lawali ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kam raina ya ɓaci. Da mutane suka tafi sallar la'asar na tsare shi, na ce in dai da gaske yana son ceton mutumin nan, to wannan taurin kai ne ke hana shi.

Na san mahaifina ya rasu a hatsarin kamiyo tsakanin Malbaza da Konni, tare suke da Baba, iyakar abin da na sani ke nan. Ranar na ji sauran. Ya ce da motar ta kife a wata kwana, shi an yi jifa da shi gefe, ƙugu a karye, wansa kuwa kan motar ya danne shi. Yana jin shi yana kiran sunansa, ya kasa jan jiki ya isa. Masu wucewa suka tsaya, amma wasu buhunan siminti suka fara nufa.

"Kahin a ɗaga mota Yaya ya cika," in ji shi. "Da anka jawo shi, babu agogo, babu takalmi. Agogon ga naka na, Sule. Gadonka na."

Ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci. Ban sake yi masa maganar harsashi ba. Na kuma ja Lawali da Hamisu gefe na gaya musu, dariyar rumfa ta ragu, duk da cewa in ya yi wa dodo oda da baki ba mai iya daurewa.

Haka ya yi ta tafiyarsa sannu a hankali, yana ajiye inda ya tsaya cikin ɗan katin da ake soka wa na'urar. Da damina ta kama sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Na je duba shi da hantsi, na tarar ya rame ƙwarai, amma abin da ya fara tambaya shi ne ko an taɓa masa kati. Na ce ba mai taɓawa. Na dube shi, zuciyata ta karye, na ce Baba, ko in gaya maka yadda ake iske mutumin? Mu duka mun daɗe da ƙare wasan.

"Kak ka hwaɗa mini," ya ce. "Ƙohwa guda ta rage. In na tashi ni ka zuwa in gani."

Bai tashi ba.

Da aka raba gado, katin ya faɗa rabon 'yarsa da ke aure a Bazaga, inda ko wuta babu. Ta ce in adana mata. Kafin a ɗauke na'urar muka taru a rumfa, muka soka katin. Ga hannuwan Baba a gaban ƙofar ƙarshe, tocila a kashe, bindiga kusan wayam, muryar nan tana ta kira. Dannawa ɗaya ce. Hamisu ya riƙe abin dannawa, ya juya shi, ya ajiye a benci, ya ce tafiyar mamaci ce, ba shi da hakki a ciki. Ba wanda ya ɗauka. Lawali ya matso gaban tele, ya gyara murya, ya yi wa ƙofar sallama. Muka ɗan jira, sannan na kashe.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne na san abin da ke bayan ƙofar. Da ya bari na faɗa masa, da ya tafi da labarin. Ana iske mutumin da rai, Baba. Ana ɗaga ƙarfen da ya danne shi, ya miƙe, ku fito tare.

Allah ya jiƙan Baba Ilu, ya haskaka masa kabari, ya haɗa shi da wansa. Duk ƙofar da ya isa ya yi sallama, Allah ya sa a amsa masa da murya mai daɗi. Amin.