Yumɓun da Na Ƙi Haƙo wa Ƙanena

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ramin yumɓu ya rufta da ƙanena, Dakta Sabo, a hanyar Zungur. Ni ya kamata in shiga ramin. Na ƙi zuwa.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Da aka zo ɗibar yara boko, Baba ya ɓoye ni a rumbu don ni ke da ƙarfin diga, ya miƙa Sabo saboda yawan laulayinsa. Shi ya zama malamin jami'a. Ni na zama mai haƙo wa magina tukwane yumɓu.

Ni na nuna masa abin da ya ci abinci da shi. Can ƙasan rami, inda ruwa ke kwance, iska ba ta kaiwa, yumɓu toka-toka ne da ɗan kore. In ka fito da shi ya sha iska, a hankali sai ya yi ja. Ya ce ƙarfen cikinsa ne ke tsatsa. Ya ce akwai irinsa a duniyar Mas da ke sararin samaniya, wai shi ke nuna an taɓa yin ruwa a can. Ya ɗura yumɓuna a kwalabe, ya hau jirgi, ya yi bayani, aka tafa masa. Ban taɓa jin ya faɗi wanda ya haƙo ba.

Ranar da abin ya faru, ya same ni a Ƙofar Ran da safe, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba.

"Yaya, zo ka haƙo min na ƙasan nan mana."

"Mutanen Mas ɗin su haƙo maka."

Ya yi dariya. "Yaya ke nan!" Ya saɓa digata ya tafi.

Kowane mahaƙi ya san ba a ƙwaƙule gindin gaɓa bayan ruwa, daga sama ake sarowa. Wannan kaɗai ne ban koya masa ba. Ina kallo ya fita, na yi shiru.

Yanzu 'yata kan nuna min hotunan Mas a waya, jar ƙasa da tsakuwa kamar bayan garinmu. Da yana nan, da ba mu huta da surutu ba. Ɗalibansa sun zama manya, suna zuwa gaishe ni, suna ce min yayan Dakta. Ba wanda ya taɓa tambayar sunana, kuma har yau abin yana ci min rai. Ina roƙon Allah Ya jiƙansa, ina roƙon Ya yafe min shirun da na yi. Hassadar ce ta ƙi mutuwa.

Sunansa yana cikin littattafai. Ni ina Ƙofar Wambai. Gwiwa ta raba ni da rami, ina zaune ina sayar da tukwanen wasu.