Ranar da na durƙusa wa talabijin

Ina tsaka da jibgar tsohon nan, sai ji na yi an murɗe min kunne.

A Gumel ne, shekarun casa'in. Kawuna ya sayo mana gem na faɗa a kasuwar Maigatari, irin wanda ake jonawa da talabijin. A ciki akwai wani tsoho mai farin gemu, shi nake ta tamaula da shi, abokaina suna kallo. Ashe Iya, kakata, tana bayana.

"Innalillahi! Sa'an kakanka kake duka da ƙafa?"

"Iya, zane ne fa."

"Zanen ba shi da furfura? Durƙusa ka ba shi haƙuri!"

Na ɗauka wasa take, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Gemun nan sak na marigayi mijinta. Wallahi a gaban abokaina na durƙusa na ce, "Baba, yi haƙuri."

Tun daga ranar tsohon ya zama gwanina, shi kaɗai nake ɗauka don kada wani ya haɗa ni faɗa da shi. Iya ta daɗe da rasuwa, amma har yau ba na iya ɗaga masa hannu.

Ku fa, wane ne gwaninku a gem, kuma wa yake tuna muku?